Dutin Kawu Panas

Juma'a, da hantsi

Bas ɗinmu bai kai tashar da muke aiki ba. Mun haye gada ke nan direba ya taka birki, ya daɗe yana kallon abin da ke gabansa, sannan ya juya da mu. Ba wanda ya tambaye shi dalili, don duk mun gani. Ba zan rubuta abin da muka gani ba. Na dawo gida kwanon abincina bai ko huce ba, Mama ta ɗago kai daga gado ta ce, "Solomiya, korar ki aka yi?" Na ce ba a kore ni ba. Ta ce, "To me ya dawo da ke kamar kazar da ruwa ya doka?"

Abin da ke ci na shi ne Kawu Panas. Shi ya yi dutin dare a ɗakin famfuna, ni ce ya kamata in karɓe shi da safen nan. A tashar nukiliya ba a tashi daga aiki don lokaci ya cika. Sai mai karɓar ka ya zo, kun zaga famfunan tare, ya ɗora hannu a kan kowanne ya ji ɗuminsa, ka ce "na miƙa," ya ce "na karɓa," sannan ka zama mai kanka. In bai zo ba, kana nan. Yau ban zo ba, saboda haka yana nan.

Asabar, da safe

Na sa kayan aiki na je inda muke jiran bas. Muka tsaya cikin dusar ƙanƙara har ƙafafu suka mutu. Bai zo ba.

Asabar, da yamma

Oga Lukiyan, shugaban sashenmu, ya tara mu a harabar gidansu. Ya ce duk masu dutin dare suna ciki, suna raye, suna aiki. Ya ce su kuma waɗancan sun cika farfajiyar tashar da motocinsu na yaƙi, ba shiga ba fita. "Su" kawai yake cewa, mu ma haka muke cewa yanzu.

Mu uku ne kaɗai muke da izinin kula da tafkin tashar da famfunansa: Kawu Panas, da ni, da Ruslan. Ruslan ya loda matarsa da 'ya'yansa a mota tun jiya ya yi yamma. Ban ga laifinsa ba. Ƙarya nake yi, na gani, har zagin sa na yi a zuciya tun daga harabar har gida.

Lahadi, da tsakar rana

Ina ba Mama miya a baki ta ce in sake faɗa mata abin da muke gadi a can. Na faɗa mata ya fi a ƙirga, amma tun da ɓarin jikinta ya mutu sai ta riƙa tambayar abu ɗaya. Na ce tafki ne mai zurfi, cike da sandunan makamashi da suka gama aiki amma ba su huce ba, ba kuma za su huce a zamaninmu ba. Famfuna suna juya ruwan don kada ya yi zafi. In suka tsaya ruwan zai tafasa ya ƙone, abin da ke ƙasa ya fito fili.

Ta ce, "Wato tukunyar miya ce aka bari a wuta."

Na ce haka ne.

"Kuma Panas ne ke tsaron ta? Mutumin da ko shayi bai iya dafawa ba?"

Na yi dariya, dariyar ta koma wani abu dabam, na tashi na shiga kicin.

Talata, da safe

Goggo Odarka, matar Kawu Panas, ta hau benenmu. Hawa ɗaya ne tsakaninmu, suna ƙasa muna sama. Ta zo wai aron gishiri. Ta zauna a kicin ta fito da kwalin maganinsa na sukari daga aljihu, ta ajiye a tebur, tana juya shi da yatsa. Ta ce na kwana biyu kawai ya tafi da shi, don shi mutum ne da ba ya ɗaukar abin da ya wuce buƙata. Ba ta ce laifina ne ba. Da ma ta ce.

Ta tafi ta manta gishirin.

Alhamis, da yamma

Sun bar masu dutin dare sun yi waya, kowa ɗan taƙaitacce. Kawu Panas ya kira matarsa, ta ƙwala mini kira daga ƙasa na sauko ba takalmi.

"'Yar makara," in ji shi, don haka yake kira na tun ina koyon aiki a hannunsa, "wannan makarar taki ta fi ta kullum."

Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, bas ne."

"Kullum bas ne. Famfo na biyu yana gaishe ki, ya fara tarin nan nasa. Yaya tsohuwa?"

Na ce tana nan tana zagin mutane. Ya ce to da sauƙi. Na tambaye shi abin da suke ci, ya ce abinci, na tambaye shi inda suke kwana, ya ce a kwance. Sai na ji wata murya a bayansa, layin ya yanke. Goggo Odarka ta karɓi wayar, ta daɗe riƙe da ita a kunne bayan ya yanke.

Asabar

Bas bai zo ba.

Litinin, da hantsi

Babbar wayar wuta da ke shiga tashar ta tsinke. Wasu sun ce namu ne, wasu sun ce waɗancan, ni ban damu da wanda ya harba ba. Abin dariya, tashar da ke haska rabin ƙasa ita ce yau ke neman wutar da za ta juya famfo. Suna kan janareta. Na san tankunan dizal ɗin nan, na san abin da suke ɗauka, kuma na hana kaina lissafi. Na yi wanki, na goge tagogi, na sake goge su.

An raba ƙwayar aidin, ta kariya daga gubar nukiliya, a ƙofar kowane gida, an ce kada a sha sai an ji sanarwa. Mama ta ce in ba ta nata yanzu ta huta da jira.

Laraba, da safe

Duk garin nan ya koma kallon iska, don ita za ta kwaso gubar in tafkin ya ƙone. Mutum zai fito baranda, ya dubi inda kayan shanya suka karkata, ya koma ciki. A layin burodi wata tsohuwa ta ce yau zuwa kogi take kaɗawa, alhamdu lillahi. Wani ya ce ai can ma mutane ne. Ta ce ta sani, 'yarta tana can.

Rediyon Kiyif, babban birni, ya ce manya daga ƙasashen waje sun nuna damuwa matuƙa. Na kashe shi.

Alhamis, da yamma

An gyara wayar wutar. Na zauna a ƙasan kicin na jingina da firij, na kasa tashi.

Asabar, da tsakar rana

Sun sako mutum ɗaya, Ustina mai dafa wa ma'aikata abinci a tashar. Sa'ata ce, ajinmu ɗaya a makaranta. Motarsu ce ta ajiye ta a bakin gada ta ƙarasa da ƙafa. Na kai mata dankali da kwalbar kabeji mai tsami, uwarta ta karɓa a bakin ƙofa ta ce ba ta ganin kowa. Na ce ko kalma ɗaya game da Kawu Panas. Ta ce, "'Yata, ko ni ba ta yi wa magana ba." Ta bayan kafaɗarta na hango Ustina a zaune a bakin gado da rigar sanyi, ta ɗaure ta har wuya, ga ɗakin da zafi.

Ba abin da zan ƙara a kan wannan, duk mace ta san abin da suka yi mata.

Litinin, da yamma

Oga Lukiyan ya zo da kansa. Ya tsaya a ƙofa yana murza hula. Ya ce sun yarda a canza masu duti, amma kai da kai: in mutum ɗaya ya shiga, ɗaya ya fita, kuma kowa sai mai karɓar sa ya zo. Ya ce ba wanda zai tilasta wa kowa, kuma ba wanda ya san ranar da waɗanda suka shiga za su fito.

Na ce, "Oga, ka faɗi abin da ya kawo ka."

Ya ce, "Ke kaɗai ce, Solomiya. In ba ke ba, ba mai fitar da shi."

Na ce na sani. Na ce ya dubi ɗakin can, ya faɗa mini wanda zai juya Mama, ya wanke ta, ya ba ta abinci. Ya dubi hularsa. Haushinsa ya kama ni, alhali ba shi ya kawo yaƙin ba, ba shi ya kwantar da Mama ba.

Talata, da safe

Goggo Odarka ta hau, yau ba maganar gishiri. Ta wuce ni kai tsaye zuwa ɗakin Mama, ta naɗe hannun riga ta ce in nuna mata yadda ake juya ta.

Mama ta ce, "Odarka, cire mini wannan hannun naki na masu faskare."

"Yi shiru, tsohuwa, ko jikina bai fi naki ƙwari da yawa ba."

"Wa ya aiko ki?"

"Ba wanda ya aiko ni."

Na nuna mata. Matashi a bayan gwiwa, hannu a ƙarƙashin kafaɗa, a ja zanen gado kada a ja mutum. Ta koya nan da nan. Tana yi tana haki, ba ta kalle ni ba ko sau ɗaya. Na san alheri ne. Na kuma san abin da alherin yake nema, kuma na ji kamar an sa mini hannu a baya ana tura ni a hankali.

Talata, da yamma

Mama ta ƙi cin abinci. Ta ce, "Za ki tafi." Na ce ban yanke ba. Ta ce, "Kin yanke, na ga kin wanke safa." Can ta ce in na dawo na tarar Odarka ta kashe ta, in sani ba da gangan ba ne.

Tsoro nake ji. Ban faɗa wa kowa ba, bari in faɗa a nan. Ba tafkin nake tsoro ba, tafkin na san shi.

Alhamis, da safe

An ɗaga canjin dutin.

Asabar, da safe

Mun shiga bas, mun zauna, an ce mu sauka. An sake ɗagawa. Goggo Odarka ta ci gaba da zuwa tana juya Mama safe da yamma, ni ina tsaye kamar baƙuwa a gidanmu.

Litinin, da yamma

Na je. Na dawo. Bari in rubuta shi yadda ya faru, ko zai bar ƙirjina.

Da sassafe bas ya ɗauke mu. A gada suka sauke mu suka ƙirga mu kamar buhuna, suka karɓe wayoyi. Suka buɗe jakata, wani yaro a cikinsu ya ɗaga kwalin maganin Kawu Panas yana karkaɗawa a kunne, sannan ya jefa mini. Farfajiyar tashar ban gane ta ba. Motocinsu har jikin bangon ginin tafkin, akwatunan harsashi a jibge a inda ko sigari ba a yarda mu kunna ba. An haƙa ramuka a filin da alluna suka ce kada a taɓa ƙasarsa saboda guba. Na sunkuyar da kai na bi layi, ina jin idanu a jikina.

Wani babbansu ne ya raka ni ɗakin famfuna, da bindiga a kafaɗa. Ƙarar famfunan na fara ji tun daga matakala, kuma wallahi sai da na ji daɗi, kamar na ji muryar 'yan gidanmu.

Kawu Panas yana kan kujera. Gemu ya fito masa fari fat, rigar aiki ta yi masa yawa. Bai tashi ba, shi da ba ya karɓar kowa a zaune. Na dubi ƙasa na ga dalili. Ƙafafunsa sun kumbura, ya tsaga takalman ta sama da wuƙa don su shiga.

"Kai, 'yar makara," ya ce. "Har kin iso?"

Na miƙa masa maganin, na ce Goggo tana jiran sa a tashar bas, ya tashi mu zaga. Ya sa kwalin a aljihu. Ya tambayi Mama, na ce Goggo ce ke kula da ita. Ya ce Allah ya taimake su duka biyun. Sai ya rage murya ya ce, "Ustina ta fara magana?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya dubi mai bindigar da ke jingine da ƙofa, ya dawo da ido kaina. Ya ce, "Miƙo hannuwanki." Na ɗauka gaisawa za mu yi. Ya ce, "A'a, miƙe su a gabanki, ki buɗe yatsu." Na miƙe. Suna rawa. To da me za su yi? Wa ya ratsa farfajiyar nan hannunsa bai yi rawa ba?

Ya ɗaga murya ya ce, "Yallaɓai, zo ka gani."

Sai a lokacin na tuna. Akwai ɗaya gefen ƙa'idar, wanda tun da na fara aiki ban taɓa ganin an yi amfani da shi ba: mai miƙawa yana da ikon ƙin miƙawa, in ya ga mai karɓa ba ya cikin hayyacinsa. Don mashaya aka yi ta. Ba wanda ke da ikon tilasta masa, ko shugaban tasha.

Na ce, "Kawu, kada ka yi mini haka."

Bai kalle ni ba. Ya ce wa mutumin, "Dubi hannun nan. Wannan ba ta yi barci ba, ba ta ci ba. Ba zan miƙa mata ba."

Mutumin ya ce, "Tsoho, kai ka sani. In ba ka miƙa ba, ba ka fita."

"Na sani. Amma in ta murɗa abin da bai kamata ba, ku da kuka yi shimfiɗa a jikin bangon nan ku za ku fara shaƙa. Ni dai na faɗa maka."

Na ga maganar ta shige shi. Duk bindigoginsu, tafkin nan tsoron sa suke yi.

Na ce ƙarya yake yi, lafiyata ƙalau. Na ce a kira nas ta gwada ni. Na wuce da kaina na ɗora hannu a kan famfo na ɗaya, na biyu, na uku, na dawo na tsaya a gabansa na ce, "Na karɓa." Na sake faɗa da ƙarfi har muryata ta fashe. Na ce, "Kawu, dubi ƙafafunka, don girman Allah. Me zan ce wa Goggo?"

Ya ce, "Ki ce mata ba ki cancanta ba. Ai ta san halina."

"Kai ka koya mini aikin nan!"

"Shi ya sa na san ba ki iya ba. Je ki gida, Solomiya."

Bai taɓa kira na da sunana ba sai yau. Ya juya kujerarsa ya fuskanci agogunan famfo, ya ba ni baya. Mutumin ya kama hannun rigata ya ja. Kalmar tasa ɗaya ce kawai ake buƙata, kuma ba yadda zan yi in ciro ta daga bakinsa.

Da suka ƙirga masu fita lissafi ya cika daidai, don a kujerar da aka ware masa a bas na zauna. Sauran duk sun karɓi nasu. Masu dutin dare suka cika bas suna wari, suna barci a kafaɗar juna, wani yana kuka a hankali. Ba wanda ya tambaye ni komai.

Goggo Odarka tana tashar bas a cikin mata, da babbar rigar sanyinsa a rataye a hannu, don da ƙaramar jaket ya tafi aiki ranar. Na ga tana bin masu sauka da ido ɗaya bayan ɗaya. Na zauna har bas ya zama ba kowa, direba ya waiwayo ya dube ni. Na sauka.

Ta dube ni, ta leƙa bayana, ta sake duba na.

Na ce, "Goggo, ya ƙi miƙa mini."

"Ya ƙi?"

"Ya ce hannuna yana rawa."

"Ke kuma kika yarda? Bakinki mutuwa ya yi?"

Na ce na roƙe shi, na yi ihu. Ta ce da ita ce da ta ɗauko shi da kujerar. Ta faɗi wasu maganganu a kaina da kan Ruslan da kan mijinta, mutane suna ji. Da ta gaji ta tambaye ni ko da ƙafarsa ya rako ni ƙofa. Na ce yana zaune ne. Ta gane.

Can ta ce, "Riƙe mini wannan, hannuna ya gaji." Ta ɗora mini rigar. Muka taka har gida, ta shiga ƙofarta ta rufe, ni na hau sama da rigar a hannu.

Laraba, da safe

Oga Lukiyan ya ce ba maganar wani canji yanzu, an ma daina ɗaukar wayarsa. Ya ce ko an sake yi, in Panas ya ƙi, ya ƙi.

Goggo Odarka ba ta hau ba jiya, ba ta hau ba yau. Ina jin motsinta a ƙasa, tana jan kujera, tana buɗe famfo. Rigar tana rataye a bayan ƙofarmu. Sau biyu na ɗauke ta na sauka har bakin ƙofarta, na tsaya, na dawo da ita.